Tomezo Mai Awara da Takobin Gari

Duk wanda ya taɓa sayen awara a shagon Tomezo Kumagai, mijin yayata, ya san da labari ake haɗa masa. Kana miƙa kwano zai fara: kakan kakansa samurai ne, irin mayaƙan takobi na zamanin da, ya sare mutum bakwai a kan gada. Washegari su zama tara. In ya sha giyar shinkafa da yamma, su kai goma sha biyu har da doki. Ni dai tun da ya auri yayata Sumie ban taɓa ganin ya yanka wani abu da ya fi awara tauri ba. Ita ma awarar Sumie ce ke yankawa, shi nasa miƙawa da surutu.

A ƙauyenmu Kurosugi, bikin kaka ba ya buɗewa sai an yanke igiya. Da karan shinkafa ake tufka ta, kaurinta ya kai cinyar ƙato, a ɗaure ta ta gitta hanyar ɗakin bauta. Mu majiya ƙarfi mu ɗauko mikoshi, ƙaramin ɗakin da abin bautar gari ke hawa, mu tsaya da shi a kafaɗa bayan igiyar, kuma ba a sauke shi ƙasa ko da ƙashi zai karye. Sai mai yanka ya zare takobin gari ya raba igiya, mu wuce. Wanda ya yanka sau ɗaya, shi zai ci gaba da yanka har ƙarshen ransa. Tun Tomezo yana da baƙin gashi yake haɗiyar yawu a kan wannan matsayi.

A shekarar da nake ba ku labari, abu biyu suka haɗu. Tsohon da ke yankan igiya ya mutu, sannan rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo da damina. Da aka zare takobi, sai ga tsatsa ta yi masa ɗigo-ɗigo. Oyanagi-san, dattijon da ke kula da ɗakin bauta, ya tara mu a zauren gari. Takobin nan wani maƙeri ɗan ƙauyenmu ne ya ƙera shi ɗaruruwan shekaru da suka wuce, sunansa na nan a sassaƙe a wutsiyar ƙarfen da ke shigewa cikin mariƙi. Ba mu da abin tunƙahon da ya wuce shi.

"A samo mana mai gyara mai amana," in ji Oyanagi-san a hankali. "Abin da aka goge daga jikin takobi ba ya komawa."

Bai rufe baki ba Tomezo ya miƙe zumbur. "An samu!"

"Kai ne mai gyaran?" in ji Ikarashi wanzami, wanda shagonsa ke kallon na Tomezo.

"Ni ne mai zaɓen mai gyaran, wanda ya fi wuya. Jinin takobi ke gudu a jikina. Ina haɗa ido da mutum zan san ko hannunsa na gaskiya ne."

"Ruwan waken suya dai ke gudu a jikinka."

Aka bushe da dariya, amma Tomezo ko gezau. Ya ce shi zai kai, shi zai dawo da shi yana ɗaukar ido, da sharaɗin shi zai yanka igiya bana. Gaskiyar magana kowa tsoron ɗaukar nauyin yake, sai aka yi ta kallon tabarma. Shirun nan shi ya ɗauka a matsayin amincewa. Oyanagi-san ya miƙa masa takobi a naɗe cikin siliki da hannu biyu, har da sunkuyawa, ya haɗa shi da adireshin wani gwani a birni.

Da Sumie ta ga abin da ya shigo mata da shi gida, ta ajiye ludayi. "Ka mayar wa mutane kayansu tun kafin ka jawo mana abin kunya."

"Ku mata me kuka sani game da ƙarfe?"

"Na san wanda ya karya mini almakashi a wajen gyara."

Ni ke da ƙaramar motar ɗaukar shinkafa, don haka ni aka tasa ƙeyata zuwa birni. Duk tsawon hanya Tomezo na rungume da takobi yana koya mini yadda ake gane gwani. Wai gwani na gaske shagonsa ƙyalli yake, kuma ba ya barin jikan samurai ya jira.

Gwanin, Shiozawa-sensei, wani ɗan tsamurmurin tsoho ne a wani ɗaki mara ado. Babu komai ciki sai bahon katako cike da ruwa, da duwatsun wasa jere a bango, wasu manya, wasu ba su fi farce ba. Tomezo ya zungure ni da gwiwar hannu. "Heikichi, ka ga inji a nan? Ko ɗaya. Talauci ne."

Tsohon ya karɓi takobi, ya ɗaga shi daidai goshi ya sunkuya masa. Ya ninke farar takarda ya cije ta da leɓe, don kada numfashinsa ya sauka a kan ƙarfe, sannan ya zare. Ko ni manomi na san in aka tsiraita takobi shiru ake yi. Tomezo kuwa lokacin ne bakinsa ya buɗe. Ya kawo kai kusa, ya fara da gada da mutum bakwai, yawu na fallatsa. Tsohon ya janye takobi gefe, ya miƙa masa wata takardar don shi ma ya cije. Tomezo ya yi godiya, ya fyace majina a ciki, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

"Ka ga nan?" Ya dangwala ɗan yatsa a kan ƙarfen. "Nan ma. Da nan."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shiozawa-sensei ya goge wurin da yatsan ya taɓa, ya fitar da 'yar ƙusar gorar da ke riƙe mariƙi, ya zare mariƙin, ya daɗe yana kallon wutsiyar. Baƙa ce wuluk, sunan maƙerin na kwance a cikinta. Ya mayar da komai, ya rufe kube, sannan ya cire takarda daga baki.

"Takobi ne mai kyau ƙwarai. Zan karɓa. Ku dawo bayan shekara biyu."

"Shekara me?"

"Akwai waɗanda suka riga ku. In na fara naku kuma, wata guda zai ci."

"Sensei, biki saura mako uku! To baƙar tsatsar nan ta wutsiya fa, ita ma sai shekara biyun?"

"Ita ba a taɓa ta. Da ita ake sanin shekarunsa."

Tomezo ya juyo ya dube ni da murmushin wanda ya kama ɓarawo a rumbu. Ya naɗe takobi, ya miƙe. Ko takalmi bai gama sawa ba ya fara. "Ka ji ko? Shekara biyu, kuma rabin aiki! Ya bar datti ya ce tarihi ne. Da wani ne da ya cuce shi. Ni fa tun daga ƙofa na gane shi."

"Yaya, mutumin nan daga ko'ina ake kawo masa aiki."

"Shi ya sa ya lalace. Tuƙa mu tafi."

Washegari ya tare mai wasa wuƙaƙen da ke zagaya ƙauyuka a kan keke. Mutumin yana ganin abin da aka kwance masa ya ja da baya, ya ce shi iyakarsa wuƙar kifi da almakashi, ya haye kekensa bai ko karɓi ruwan shayi ba. Tomezo ya sanar wa duk layin cewa kwarjininsa ne ya kori bawan Allahn nan. Ikarashi wanzami ya leƙo da aska a hannu ya ce a'a, hankali ne ya kore shi.

Ana cikin haka, wata rana Tomezo yana cin abinci, ya ɗaga cokali, ya ga fuskarsa a ciki. Sai ya daki tebur.

Ku da ba 'yan yankinmu ba sai ku yi mana uzuri. Mu nan cokali muke gogewa. Kusan kowane lungu akwai rumfar da injin guga ke kuka, cokulanmu har ƙasashen waje ake cin abinci da su, kuma tun muna yara muke jin cewa babu ƙarfen da mutanenmu ba za su mai da shi madubi ba. A cikin masu gugar nan babu kamar Gen Hoshino, abokin karatun Tomezo tun firamare, mutumin kirki wanda bai iya cewa a'a sau biyu a jere ba.

"Tome, ni fa ban san takobi ba," in ji Gen, yana goge hannu a jikin riga. "Ƙyalli na sani."

"To me ake nema? Cokali ba ƙarfe ba ne? Takobi ba ƙarfe ba ne? Cokali ma ya fi wuya, yana da ciki da baya. Wannan miƙaƙƙe ne."

"A'a, ina tsoro."

"Gen, wani tsohon birni ya ce mutanen Kurosugi ba su iya guga ba."

Bai faɗa ba, ina wurin. Amma Gen ya riga ya ɗaure tawul a ka, ya kunna inji.

Na ce, "Yaya, a bari a tambayi Oyanagi-san mana."

"In kana tsoron tartsatsi, fita waje."

Ban fita ba, na tsaya na ga komai da idona. Ɗigon tsatsa ya tafi nan da nan, da ma a nan aka tsaya. Amma Tomezo ya sa tabarau, ya tsaya a kan Gen yana ba da umarni. A bakin kaifin takobin akwai wani farin zane mai kama da gajimare, wanda masana kan zauna su yi ta kallo har shayinsu ya huce. Tomezo ya ce tabon ruwa ne, a cire. Gen ya danna. Tartsatsi ya tashi, ƙarfe ya yi zafi har ya koma shuɗi.

"Tome, ya canza launi fa!"

"Ransa ne ya farka! Danna!"

Aka goge shuɗin, wani ya fito a gaba, aka bi shi. Gefe ɗaya ya fi ɗaya sirancewa, aka rage ɗayan don su daidaita, sai shi kuma ya zarce, aka koma na farko. Da aka zo kan wutsiya, Gen ya ɗaga ƙafa daga inji.

"Akwai rubutu a nan."

"Ƙarzunan tsufa ne. Ka taɓa sayar da cokali da ƙarzuna?"

"Ban taɓa ba."

"To?"

Kafin rana ta faɗi takobin gari ya zama madubi tun daga tsini har wutsiya. Ƙyalli kam, ban taɓa ganin irinsa ba. Sai dai da aka mayar da shi cikin kube, ya riƙa ƙwal-ƙwal kamar taɓarya a cikin turmi. Tomezo ya cusa tsohuwar jarida. Mariƙi ma ya yi masa yawa, aka naɗa wata jaridar. Aka nemi 'yar ƙusar gora sama da ƙasa, ta bi shara. Tomezo ya ɗauki tsinken cin abincin da Gen ya ci taliya da shi da rana, ya karya, ya soka a ramin.

"Itace itace ne," in ji shi.

Oyanagi-san ya zo har shago sau biyu yana roƙon a nuna masa, Tomezo ya ce gwanin da ya yi aikin ya hana a buɗe sai ranar biki. Ko wane ne gwanin? Sirri ne, mutum ne da ba ya son suna. Wannan kam gaskiya ne, don tun ranar Gen ya rufe rumfa ya tafi wajen 'yarsa a wani gari. Amma da tsohon ya juya baya, Tomezo ya kasa haƙuri. Ya tara 'yan layi a bayan shago, ya ɗora awara a kan kututture, ya yi ihu, ya sara. Awara ta rabu biyu.

"Kun gani? Ko ƙara ba ta yi ba!"

"Awara ce fa," in ji Sumie daga taga. "Da zare ma ana yanka ta. Kuma ka biya ni ita."

Ranar biki gari ya cika, har da mutanen ƙauyukan maƙwabta da ba sa zuwa sai don su samu abin faɗa. Ganguna na tashi, rumfunan abinci sun jeru, Sumie na tata rumfar tana suyar awara. Mu muka ɗauko mikoshi muka tsaya a bayan igiya. Ni ina gaba ta hagu, inda nauyi ya fi sauka, Ikarashi wanzami na bayana yana numfashi a wuyana.

Sai ga Tomezo cikin kayan da ya yi haya, wando mai faɗi da riga mai kafaɗu kamar fukafukai. Bai zo kai tsaye ba, sai da ya zaga fili yana gaisawa. Da ya iso gaban igiya kuma, ya juya ya fuskanci jama'a ya fara jawabi a kan labarin gada.

"Yanka mana, kafaɗa za ta cire!" Ikarashi ya daka masa tsawa.

Ya kama mariƙi ya ja. Takobi ya ƙi fita, jarida ta cije. Ya sa kube tsakanin cinyoyi ya ja da hannu biyu, ya fito fit, guntayen jarida suka biyo shi suna shawagi. Rana ta daki ƙarfen, hasken ya kashe wa 'yan gaba ido. Jama'a suka ce "Ooo!" Tomezo ya kumbura. Oyanagi-san kaɗai na ga ya dafa ginshiƙi.

Ya ɗaga, ya yi ihun da ya kori tsuntsaye daga rufi, ya sara. Igiya ta lotsa ta dawo, ta yi ɗan rawa, ko kara ɗaya bai tsinke ba.

"Wannan gaisuwa ce," ya ce da jama'a. "Haka ake yi a gidanmu."

Ya ƙara da ƙarfinsa duka. Wannan karon wani abu ya ba da kai, amma ba igiya ba. Zafin inji ya riga ya kashe ƙarfen, sai takobi ya lanƙwashe ya zama lauje. Wata tsohuwa daga ƙauyen maƙwabta ta ce da ƙarfi, "Girbi za a yi?"

Tomezo ya juya baya, ya ɗora takobin gari a kan gwiwa, ya miƙar da shi kamar mai gyaran waya, a gaban kowa. Ya ɗan zarce, ya juya shi ya dawo da shi.

"Yaya, ka rufa mana asiri!" na ce.

"Yi shiru, yanzu ya ɗumama."

Ya ja da baya, ya zabura da gudu, ya kawo sara tun daga bayan ƙeya. Tsinken taliya ya ce ƙaras. Ƙarfen ya fice daga mariƙi, ya tashi sama yana juyi yana walƙiya, mutane suka kwanta ƙasa, ya wuce ta kan masu ganga ya faɗa tsulum cikin tafkin kifayen ɗakin bauta. Shi kuwa Tomezo bai ma sani ba. Ya sauke mariƙi tsirara a kan igiya, ƙarfin gudun ya kwashe shi, ya kifa a kanta ya rataye, kai ƙasa, faffaɗan wando sama.

Mikoshi ya fara karkata. Na ji mutanen baya suna kiran iyayensu. In ya taɓa ƙasa, an ce shekarar ba za ta yi kyau ba, kuma har jikokinmu sai an goranta musu. A nan ne na ga yayata ta fito daga rumfa da wuƙar yankan albasa, ko tawul ɗin kanta ba ta cire ba. Ta zo ta kama igiya da hannun hagu, dab da inda mijinta ke lilo.

"Ɗaga cikinka."

"Sumie, mace ba ta..."

Ta gurza, ta gurza, ta gurza. Igiya ta rabu, Tomezo ya zube ƙasa tim, muka bi ta gefensa da gudu ganguna suka ɗauka. Ban taɓa son yayata kamar ranar ba.

Da aka sauke mikoshi a mazauninsa, dattawa suka haɗa kai a gefe suna ƙus-ƙus. Ba su daɗe ba. Al'ada ba ta ce namiji ba, ba ta ce mace ba, cewa ta yi wanda ya yanka. Aka sanar cewa daga bana Sumie ce mai yankan igiyar Kurosugi har ƙarshen ranta.

Kuna tsammanin kunya za ta kashe Tomezo? Ya karkaɗe wando, ya gyara kafaɗun rigarsa, ya ɗaga murya. "To me na gaya muku? Na ce matsayin nan gidan Kumagai zai shigo, ya shigo ko bai shigo ba? Wa ya sassauta mata igiyar? Sara uku na yi mata!"

Har wasu sun fara dariya, sai aka ga Oyanagi-san yana tahowa daga tafki. Da kansa ya shiga, a shekarunsa, fararen kayansa sun jiƙe har ƙugu. Yana riƙe da ƙarfen a kan hannun rigarsa, yana juya wutsiyar, yana shafa ta da babban yatsa a inda sunan yake a da. Dariya ta mutu. Tausayin tsohon nan ya kama ni, na kuma ji haushin kaina da na mu duka da muka kalli tabarma ran taro.

Bai yi faɗa ba. Ya tsaya a gaban Tomezo, ya ɗago wutsiyar daidai idonsa.

"Kumagai-san, idona ya yi rauni. A nan ake ganin wanda ya yi aikin takobi. Duba mana, wa ka gani?"

Tomezo ya sunkuya ya duba. Gen ya iya aikinsa, wutsiyar nan sumul take, babu ko ƙarzane ɗaya. Fuskarsa ce a ciki, da tabarau a karkace da karan shinkafa a gashi. Ya buɗe baki, muka jira. Ya rufe.

"Ba ka gane shi ba?" in ji Sumie, tana goge wuƙarta. "Mu duk mun gane shi. Wuce ka juya mini awara, tana ƙonewa."

Ya wuce, da kayan hayarsa da komai, ya hau juya awara.